Hutun damina a ƙauye: yadda za ka kalli tsuntsaye, ka ɗauke su hoto a ƙasar Damagaram

Idan aka rufe makarantun boko aka shiga babban hutu, daga Yuli har ƙarshen Satumba, da yawa cikinmu mukan bar unguwannin Zinder, Birni ko Zango ko Sabon Gari, mu nufi ƙauye wajen dangi, a taya su noman farko da maimai. A daidai lokacin ne kuma dajin ƙasarmu ya fi cika da rai: tabkuna sun kawo, fara ta yi yawa, kowane tsuntsu na hidimar sheƙa. Na daɗe ina kashe wannan hutu da madubin hangen nesa a wuya da kyamara a jaka, kuma babban abin da na koya shi ne yawo ba ya ba da hoto. Wanda ya zaɓi wuri ɗaya yana komawa kowace safiya har mako guda, ya fi wanda ya zaga ƙauyuka bakwai a kan babur. Duk matakan da ke tafe a kan wannan na gina su.

Da fari, ka san waɗanda za ka tarar

An lissafa tsuntsaye fiye da iri 500 a Nijar, amma ba duka suke nan lokaci ɗaya ba. Baƙin da ke ƙetaro hamada daga Turai sai wajen Satumba da Oktoba suke fara sauka, su koma a Maris da Afrilu. Damina ta tsuntsayen Afirka ce, masu bin ruwa daga kudu su zo su hayayyafa a wajenmu, da kuma ƴan gida da suka sake riga.

Shamuwa ce jagorarsu. Takan iso gabanin ruwan shuka, ta yi sheƙa a tsakiyar gari, a kan tsamiya ko kuka ko gawo, babu mai taɓa ta. Baƙa ce mai farin ciki, kuma in ka sa mata madubi a wannan lokaci za ka ga fatar fuskarta shuɗiya da ɗan ja a gefen ido. Fara da tsutsa take ci. Idan ruwa ya ɗauke sai ta yi kudu, har ta wuce tsakiyar duniya zuwa gabashi da kudancin Afirka. Balbela, ci da motsin wani, ita ma tana sauya kama: farar da ka sani da rani yanzu tana da gashi ruwan ƙasa-ƙasa a kai da ƙirji da baya. Mulufi, wanda wasu ke kira janja-luguda, da rani ba ka bambanta shi da gwara, amma a Agusta namijin ya zama ja da baƙi kamar garwashi, yana kumbura gashi a kan karan gero. Zalaiɗu ya fitar da doguwar jelarsa. Kabare yana saƙa. A bakin ruwa akwai kirinjijiya mai fito, da dinya, da zalɓe, da zakaran ƙeƙuwa. Tsanwaka shuɗiya tana kan busasshen reshe ko wayar lantarki. Sunayen nan sukan sauya daga wannan gari zuwa wancan, don haka duk sunan da aka faɗa maka ka rubuta shi tare da garin da ka ji shi.

Zaɓen wuri

Abu uku kake nema a haɗe: ruwa, itatuwa, da fili ko gona a gefensu. Inda ukun suka gamu, nan ne tsuntsun ruwa da na itace da na ƙasa suke cin kasuwa ɗaya. Ƙaramin tabkin bayan gari, wanda ake shayar da dabbobi, ya isa. Sharaɗinsa kawai ya zama za ka iya takawa da ƙafa cikin minti 20 daga inda kake kwana, don in ya yi nisa ba za ka jure sammakon kwana bakwai ba.

Wanda ba shi da ƙauyen zuwa, Miriya na nan kilomita 18 gabas da Zinder, da lambunanta da manyan itatuwa. Gaba a kan hanyar Gure, kamar kilomita 70 daga birni, akwai tabkin Gidimuni, wanda aka sa cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2019, kamar yadda aka sa tabkin Lasuri tun 2005. Ta kudu, fadamun Korama da gonakin Matamai da Magarya cike suke da gawo, wanda manoma da kansu suka raya ta hanyar barin tsiron da ya fito a gona.

Gawon nan abokin mai hoto ne. Shi kaɗai ne yake zubar da ganye da damina lokacin da kowa ke kore, saboda haka duk tsuntsun da ya sauka a kansa a fili yake, babu ganyen da zai rufe maka shi. Bedi kuwa, duk da inuwarsa, sai dai ka ji kuka ba ka ga mai yi ba. In ka sami gawo a bakin tabki, ka yi shimfiɗa.

Gandun Tarmit da Tin Tumma, da aka kafa a 2012 can arewa maso gabas don kare barewa da sauran namun hamada, ba wurin hutun iyali ba ne. Tafiya ce ta izinin hukuma da jagora da mota mai ƙarfi. Ka bar shi ga wani lokaci.

Gaisuwa kafin kyamara

Kada ka fito da komai daga jaka sai ka je wajen mai gari, ko da kuwa garin kakanninka ne. Ka riƙe goro, wani daga gidan da ka sauka ya raka ka. Ka faɗi abin da ya kawo ka a fili: «Ranka ya daɗe, tsuntsaye nake kallo ina ɗaukar su hoto, ba harbi nake ba, ba kuma awon gona ba.» Maganar awon gona kada ka manta da ita, don baƙo mai na'ura yana leƙe-leƙe a gefen shukar mutane abin zargi ne, kuma suna da gaskiya. Ka nuna masa hotuna biyu ko uku a wayarka. Daga nan labarinka ya riga ka isa bakin tabki.

Mata suna wanki da ɗiban ruwa a irin waɗannan wurare. Idan sun zo, ka sauke madubi, ka juya bakin kyamara ƙasa. Kada ka ɗauki mutum sai ya yarda, kuma ka nisanci duk wani shingen jami'an tsaro ko ginin hukuma da kyamararka. A gona ka bi iyaka ko burtali, kada ka ratsa shuka.

Sannan ka nemi malaminka. A kowane gari akwai dattijon manomi, ko tsohon maharbi, ko yaro makiyayi, wanda ya san inda makwarwa ke kwana da ramin da damo yake. Wani dattijo da na zauna da shi a gefen gonarsa ya taɓa ce mini: «Malam, ka cika tashi. Tsuntsun da kake bi can, nan zai dawo, ga reshensa.» Na zauna. Ba a yi rabin awa ba tsanwaka ta dawo kan wannan reshen da fara a baki, ta buga ta a jikin icen sau uku kafin ta haɗiye. Tun daga ranar nake neman reshe kafin in nemi tsuntsu.

Kayan aiki

Madubin hangen nesa, wanda muke ce wa jumel, ya fi kyamara muhimmanci. Ka nemi mai lamba 8x42. Takwas ɗin na nufin yana kusanto da abu sau takwas, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita, shi ke tara haske da asuba. Masu lamba 20 ko 30 da ake tallarsu a kasuwa rawa suke a hannu, ba za ka tsayar da tsuntsu a cikinsu ba.

Kyamara iri biyu ce ke yin aikin. Akwai mai gilashi a haɗe da ke zuƙowa daga nesa, irin Nikon P900 mai zuƙowa sau 83: ba ta da nauyi, kuma ƙura ba ta samun ƙofar shiga. Akwai wadda ake sauya wa gilashi, ita tana son mai milimita 300 zuwa 400 ko fiye. In waya kaɗai gare ka, kada ka fasa tafiya. Ka ɗora idon kyamarar wayar a kan idon jumel, ka jingina hannuwa a gwiwa ko reshe, ka matsa a hankali har baƙin da'irar ya buɗe. Ga shamuwa a sheƙa ko zalɓe a tsaye, hoton yana fita sarai.

Sauran: batir biyu, abin cajin rana ko batirin ajiya tunda ba kowane ƙauye ke da wuta ba, babbar leda mai kauri, ƙyalle mai laushi, kaye da bik, malafa, buta ko gorar ruwa, ƴar tabarma, takalmi rufaffe da dogon wando. Tufafi masu launin ƙasa ko kore. Farar riga tutar kora ce.

Kwana biyun farko, bar kyamara a gida

Na san da wuya, amma ka gwada. Ka fita bayan sallar asuba, ka isa kafin rana ta fito, wajen ƙarfe shida da ƴan mintoci. Ka zauna rana tana bayanka, wato da safe kana fuskantar yamma, ka jingina da kututture ko sabara don kada siffarka ta fito tsaye a fili. Minti 15 na farko wurin zai yi tsit saboda zuwanka. Bayan haka za su manta da kai.

Wajen sa madubi, yawancin masu koyo sukan sunkuya su nemi jumel, su ɗago tsuntsu ya ɓace. Ka kafe idonka a kansa, ka ɗago madubin ya tarar da idon. Ka duba abu biyar a jere: girmansa in an gwada da gwara ko kurciya ko zabo, siffar baki, tsawon ƙafa da jela, inda launi yake a jiki, da abin da yake yi. Ka rubuta nan take, da lokaci. Ka kasa kunne kuma, don kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma ragon maza, alal misali, sai ka ji gurnaninsa daga cikin duhuwa sau goma kafin ka gan shi sau ɗaya.

Zuwa safiya ta biyu kayenka zai fara nuna maka tsari: kurciyoyi da bardo suna sauka shan ruwa ta gefe kaza, kirinjijiya tana tasowa daga gabas, mulufi yana da kara uku da yake zagayawa. Wannan tsarin shi ne hotonka. Rana ta uku sai ka zauna kusa da inda ka san za a zo.

Matsowa da haske

In dole ka matsa, kada ka nufi tsuntsu kai tsaye. Ka bi ta gefe kamar mai wucewa, kana duƙe, ba ka kallon idonsa. Taku biyar, ka tsaya, ka ɗauka, ka ƙara. Ya daina ci ya miƙe wuya, to ka kai iyaka. Wata dabara da ba ta taɓa ba ni kunya ba ita ce bin garke ko amalanke: tsuntsayen ƙauye sun saba da makiyayi da manomi, sai ka ga balbela da carki taku huɗu daga gare ka. Zakaran ƙeƙuwa kam ka kauce masa, in ya fara ihu duk tabkin ya ji.

Ka sauka daidai idon abin da kake ɗauka. Hoton agwagwar ruwa daga tsaye hoton bayanta ne. Ka shimfiɗa tabarma ka kwanta rub da ciki, sai ruwan ya zama madubi, bayan hoton ya narke. Ka lura da abin da ke bayan tsuntsun: kore mai nisa ya fi farin sama, kuma sau da yawa taku ɗaya zuwa dama ko hagu ke raba ka da leda ko reshen da ya ratsa kansa.

Haske mai kyau daga fitowar rana ne zuwa hantsi, wajen ƙarfe tara, sai kuma daga la'asar sakaliya zuwa faɗuwarta. Tsakar rana ka huta. Amma damina tana da kyautar da rani ba shi da ita: safiyar bayan ruwan dare, iska ta wanku daga ƙura, gara masu fiffike sun fito, kowa na cafka. Ranar da aka kwana ana ruwa, ko me kake ji a jiki, ka fita.

Saita kyamara

Saurin ƙiftawar kyamara shi ne kan gaba. Ka sa ta a harafin S, ko Tv a wasu, inda kai ne kake zaɓen sauri. Tsuntsu a zaune, 1/500, wato kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa. Mai motsi, kamar kabare a bakin saƙa, 1/1000. Mai tashi, 1/2000. Ka bar ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, wanda in ya yi yawa yake sa hoto yashi-yashi, ya zaɓi kansa, ka sa masa iyaka wajen 1600 a ƙaramar kyamara, 3200 ko fiye a babba. Hoto mai ɗan yashi-yashi ana gyara shi, wanda ya girgiza kuwa ya tafi.

Ka zaɓi ɗigon saiti guda ɗaya ka ɗora shi a kan ido. In ido ya fito tar, an yafe wa jela. Ka kunna ɗauka a jere, ka riƙa harba uku ko huɗu. Sai maɓallin ƙari da ragi, mai alamar +/-: farin tsuntsu irin balbela a rana, ka rage zuwa -1 don kada gashinta ya ƙone ya zama fari fat babu zane. Baƙin tsuntsu a sararin sama, shamuwa ko shirwa, ka ƙara zuwa +1. Ka kashe ƙarar kyamara da fitilarta. Gwiwar hannu a jikin haƙarƙari, ka riƙe numfashi, ka danna a hankali.

Wurin koyo mafi kyau shi ne itacen kabare. Namiji ne ke saƙa, da ɗanyar ciyawa da yake tsagowa. Yakan fara da zobe, ya tsaya a cikinsa yana cusa zare da baki yana jawowa ta ɗaya gefen, har ɗaki ya tashi, ƙofa tana kallon ƙasa. In mace ta zo dubawa sai ya rataya a ƙasan sheƙar, kai a ƙasa, yana kaɗa fiffike yana ta surutu. Zai yi haka sau da yawa a wuri ɗaya, saboda haka kana da damar gwada kowane saiti har ka gane.

Sheƙa

A nan na taɓa yin kuskuren da har yau yake damuna. Wani yaro ya nuna mini sheƙa a cikin magarya, na ji daɗi na ba shi dala ashirin. Washegari da safe sai ga yara huɗu a ƙofar gidan da na sauka, kowa da sheƙa a hannu, an cisge ta daga reshe. Ɗaya tana da ƴaƴa uku, ko gashi ba su yi ba, bakinsu a buɗe. Muka mayar da abin da za mu iya, amma na san ba su rayu ba. Laifin nawa ne, ba na yaran ba. Kada ka taɓa biyan kuɗi don sheƙa, ko ƙwai, ko tsuntsun da aka kamo. In za ka yi wa yaro alheri, ka ba shi jumel ya duba da idonsa, ka kuma yi masa ihsani don rakiya.

Sheƙar da ka gani da kanka, ka tsaya nesa. Kada ka karya reshe don hoto ya fito, wannan reshen ne ke ɓoye ta daga hankaka da shaho da zafin rana. Idan uwa ta tashi ba ta dawo ba cikin minti 10, ko tana zagaye da abinci a baki ta ƙi sauka, kai ne matsalar, ka tashi. Cilakowa ta fi kowa buƙatar wannan: macen takan shige kogon itace a toshe bakin da laka, a bar ƴar tsaga, namiji ne ke ciyar da ita da ƴaƴan ta nan. In ka tsorata shi, gida guda ka sa wa yunwa. Dokar farauta da kare namun daji ta 1998 tana nan, ma'aikatan gandun daji ke kula da ita, kuma in ka ga ana ɗana wa gauraka ko tuje tarko, su za ka gaya wa.

Masu ƙafa huɗu da masu jan ciki

Manyan namun daji sun yi ƙaranci a yankin gonaki, kada ka sa rai da barewa. Amma kurege yana nan a bakin raminsa da hantsi, yana tsayawa da ƙafa biyu. Damo da guza sukan sha rana a bakin ruwa, hawainiya tana kan kalgo, bushiya da zomo da dila sai magariba. Bayan ruwa ƙasa takan zama allo: ka bi sawu da safe tare da makiyayi, ya karanta maka wanda ya wuce. Rami in ka samu, ka zauna inda iska ke busowa daga ramin zuwa gare ka, don su da hanci suke ganinka.

Hadari, maciji, sauro

Hadarinmu daga gabas yake haɗowa, kuma iska da ƙura ke riga shi. Da ka ga gabas ta yi baƙi, kyamara cikin leda, kai kuma gida. Kada ka fake a gindin dogon itacen da ke tsaye shi kaɗai, ko ka tsaya a bakin ruwa ana tsawa. Kada ka ratsa ƙorama tana gudu. Kada ka shiga ruwan tabki, tsargiya daga nan take. Ka duba wuri kafin ka zauna, ka kaɗe takalmi da safe saboda kunama. Kububuwa ƙarama ce kuma launin ƙasa gare ta. Wanda maciji ya sara, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure wurin tamau: a hana gaɓar motsi a garzaya asibiti. Ka kwana cikin gidan sauro, zazzaɓi kuma in ya zo a je a yi gwaji a ranar.

Laima tana sa gilashin kyamara ya yi fumfuna. Da dare ka goge shi, ka ajiye a jaka tare da ƴan ƙunshin tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi.

Aikin dare

Bayan isha ka zauna da hotunan ranar. Ka goge masu girgiza ba tare da tausayi ba, ka bar ko da mara kyau ne in shi kaɗai ne shaidar wani tsuntsu da ba ka sani ba. Manhajar Merlin tana taimakawa wajen gano suna daga hoto, amma ka sauke kundin tsuntsayen yankinmu tun kana birni, don rezo a ƙauye ba abin dogaro ba ne. Abin da ka tabbatar, ka shigar da shi eBird, shafin intanet da masu kallon tsuntsaye ke ajiye abin da suka gani, da rana da wuri da adadi, wanda kake shakka ka bar shi a kaye. In za ka sa hoto a Facebook ko WhatsApp, ka rubuta sunan Hausa da aka ba ka, amma kada ka faɗi takamaiman inda sheƙa take.

Ka kai wa mai gari da dattijon da ya koya maka hotunan su gani kafin ka tafi, in da hali ka wanke biyu a birni ka aiko musu. Kuma in hutun ya ba ka dama, ka koma wannan tabkin a makon ƙarshe na Satumba, lokacin da gero ya nuna yara suna korar jan baki daga gona. Za ka tarar ƴaƴan shamuwa sun tashi suna taruwa a fili don tafiya kudu, a bakin laka kuma ga wasu ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da babu su a Agusta, sun sauka daga ƙetaren hamada. Ka buɗe sabon shafi a kayen, ka sa kwanan wata.